Hamsi Sun Makara

Mijina Nevzat ba ya duba kalanda.
Da asuba yakan sauka bakin gaɓa,
ya naɗe riga, ya tsoma gwiwar hannu a Baƙin Teku
kamar uwa mai auna ruwan wankan jariri.
Ya dawo ya ce: da sauran ɗumi, Gulizar,
ɗora shayi.

Sati uku ke nan muna haka.
An tsinke ganyen shayi na ƙarshe a kan tudu,
an auna, an biya, kuɗin ya bi iska.
Palamut masu zane a gadon baya sun zo sun wuce
kamar baƙon da ko takalmi bai cire ba.
Hamsi muke jira,
ɗan kifin nan da bai fi yatsa ba,
amma shi ke biyan bashin man jirgi,
shi ke sai wa yara rigunan sanyi.
Ba ya zuwa sai ruwa ya ciji hannu.

Can sama, inda kogin Firtina ke faɗowa daga dutse,
ƙanena Rifat ya rataye fatsarsa a bayan ƙofa.
Ya ce kifayen kogi masu jajayen ɗigo
sun daina kallon ƙugiya,
sun juya kai sama, ciki fal da ƙwai,
suna share tsakuwa da wutsiya kamar mai gyara shimfiɗa.
Wanda ya kama uwa a wannan wata
ya cinye kifin baɗi a tukunyar bana.
Sai ya sauko mana da jaka ɗaya
da ƙaurin itace a jikin rigarsa,
mutumin da ruwan gishiri ke hautsina wa ciki,
wai ya zo jan taru.

Sanyi ɗaya ne, in ji shi,
ni ya rufe min ƙofa, ku ya ƙi buɗe muku.

Ni dai ina zaune da allurar katako
ina toshe ramukan da bara ta bari.
Ƙulli nake ƙirgawa, ba kwana ba.
Hulusi mai kanti ya fara gaishe ni
idonsa a kan littafi.

Daren Talata iska ta sauya.
Na ji ta a ƙofar baya tukuna,
sannan a gwiwata ta hagu, wadda ba ta taɓa yi min ƙarya ba.
Gari ya waye duwatsu sun yi furfura.
Nevzat ya tsoma hannu, ya fizge,
ya yi ashar, ya yi dariya, ya nemi gafara.
Bai ce a ɗora shayi ba.

Tsuntsayen teku ne suka tona asiri,
sun taru wuri guda suna ihu kamar masu bin bashi.
Da magariba jirage suka fita, fitila na bin fitila,
har na kasa gane wace ce tamu.
Na kashe murhu, na sake hurawa.
Na share ɗakin da na riga na share.
Teku ba ya ba da rasit,
wannan kowace mace a layinmu ta sani.

Suka dawo jirgi na nishi,
akwati kan akwati, azurfa mai motsi.
Rifat na ƙarshe, fuska kamar toka,
ɓawon kifi har a gira,
yana taka ƙasa kamar bai yarda da ita ba.

Na birkiɗa su a garin masara,
na jera a kasko, wutsiya ciki, kai waje.
Yara na ƙona yatsu, Nevzat na barci a zaune.
Rifat ya ci biyar, ya tsaya,
yana kallon dutse ta taga.

Yanzu haka sun zuba ƙwan, ya ce.
Na ce ci, kafin ya huce.